Spotify, Boomplay ko Audiomack? Kafin ka saka kuɗinka ka san inda kowanne ya fito

Shekaranjiya da daddare muna zaune a majalisa ƙanin wani abokina ya miƙo min sabuwar wayarsa yace yaya dan Allah wanne zan saka a ciki, Spotify ko Boomplay ko Audiomack, wai ya gaji da kai memori wajen masu tura waƙa suna cika masa da abun da bai ce ba. Ban gama buɗe baki ba musu ya kaure, wannan yace Spotify na 'yan gayu ne, wancan yace Boomplay ai dama yana cikin wayar me zai wahalar da kansa, wani kuma yace shi duk wanda zai ce ya biya kuɗi dan jin waƙa to ya riƙe abunsa. Ƙarshe dai yaron ya tashi bai samu amsa ba, shi yasa nace bari na zauna na rubuta a tsanake.

Ni yadda nake kallon abun, kowanne cikin ukun nan akwai matsalar da aka ƙirƙire shi dan ya magance, kuma har yau halin haihuwarsa na nan tare dashi. In ka san matsalar, sai ka duba ko irin taka ce.

Bari mu fara da Spotify tunda shi ne babba kuma labarinsa yafi tsawo. A 1999 wani matashi ɗan Amurka Shawn Fanning ya fito da Napster, manhajar da ke ba mutane damar kwasar waƙa daga kwamfutar juna kyauta, wato dai irin abun da muke yi da Bluetooth da Xender amma ta intanet kuma da duniya gaba ɗaya. Kamfanonin waƙa suka kai ƙara kotu, 2001 aka rufe shi, amma ina, mutane sun riga sun ɗanɗana. Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003 yana sayar da waƙa ɗaya kan senti 99, wasu suka saya, da yawa suka ci gaba da kwasa. A ƙasar Sweden kuwa abun ya fi ƙamari saboda suna da intanet mai gudu tun da wuri, a can aka kafa The Pirate Bay, shafin kwasar waƙa da fim na sata, a 2003, har 'yan sanda suka kai musu samame a 2006 amma bayan 'yan kwanaki shafin ya dawo. To a wannan shekarar ta 2006 a birnin Stockholm ne Daniel Ek, yana ɗan shekara 23, da Martin Lorentzon wanda ya riga ya yi kuɗi a harkar talla ta intanet, suka kafa Spotify.

Tunaninsu shi ne ba zaka iya hana mutum satar waƙa da wa'azi ko da kotu ba, sai dai ka bashi abun da yafi satar sauƙi. Mai sata sai ya nemo, ya jira ta sauka, wataƙila ma ya kwaso wa kwamfutarsa cuta. Su kuma suka ce kana dannawa ta fara, kamar dama tana cikin na'urarka. Abun dariya ma, cikin waɗanda suka gina musu injin akwai Ludvig Strigeus wanda ya rubuta uTorrent, manhajar da masu kwasar kayan sata suka fi so, kuma daga baya Sean Parker na Napster ya zuba kuɗinsa a kamfanin. Kaga ɓarawo shi ya san ta inda ake haura katanga. Sai da suka kwashe shekara biyu suna lallaɓa manyan kamfanonin waƙa, har da basu hannun jari, kafin su buɗe a Oktoban 2008 a wasu ƙasashen Turai, kuma a farkon nan in na kyauta kake so sai wani ya turo maka gayyata. Amurka sai a Yulin 2011.

Ka lura da wanda aka gina wa abun: Bature mai intanet da baya yankewa, mai katin banki, wanda baya lissafin megabait. Shi yasa muka daɗe muna jin sunansa daga nesa. Afirka ta Kudu ta samu a 2018, ƙasashen Larabawa irin su Masar da Maroko da Saudiyya suka samu ƙarshen shekarar, mu kuwa sai Fabrairun 2021 lokacin da suka buɗe a ƙasashe sama da 80 a tashi ɗaya, ciki har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi. Kafin nan wanda ka gani da Spotify a Kano to da dabara yake shiga. Sun fara da naira 900 a wata, tun daga lokacin an ƙara ba sau ɗaya ba, dan haka ka duba farashin ranar da zaka biya.

Inda Spotify ya yi wa sauran nisa shi ne sanin abun da kunnenka ke so. A 2014 suka sayi wani kamfani The Echo Nest da aikinsa nazarin waƙa, 2015 suka fito da Discover Weekly, duk Litinin a haɗa maka waƙa 30 da baka taɓa ji ba amma ana zaton zasu maka, ta hanyar duba abun da masu irin kunnenka ke saurare. In ka ɗauki wata biyu kana ji dashi zaka ga ya fara karantarka har ka ɗan ji tsoro. Sai kuma Wrapped ɗin nan na ƙarshen shekara da samari ke ta ɗorawa a status, wai na ji waƙa minti dubu kaza. A ƙarshen 2024 suna da masu amfani miliyan 675, masu biya miliyan 263, waƙoƙi sama da miliyan 100, kuma duk da wannan girman 2024 ɗin ce shekarar farko da suka rufe da riba, shekara 18 bayan kafawa. Masu kallon ƙwallo kuma sun san sunan a rigar Barcelona da filin Camp Nou tun 2022.

Amma ga inda gizo ke saƙar, a na kyauta ba'a sauke waƙa. Duk lokacin da zaka ji sai da data, ga talla tsakani, kuma da can a waya ba ma kai ke zaɓar wadda zata biyo baya ba, gauraya maka ake yi, daga baya ne suka sassauta. Sai ka biya Premium zaka sauke, har waƙa 10,000 a na'ura ɗaya, na'ura biyar, da sharaɗin ka leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 in ba haka ba su rufe. Wato na kyautan nasu tarko ne mai daɗi, an yi shi ne dan ka gaji ka biya, kuma basu ɓoye hakan ba.

Boomplay labarinsa daban ne kwata-kwata, shi ba daga masu waƙa ya fito ba, daga masu sayar da waya ya fito. Kamfanin Transsion na Shenzhen a China, masu Tecno da Infinix da itel, su suka fito dashi a Najeriya a 2015 da sunan Boom Player a cikin wayar Tecno Boom J7 da suka yi dan masu son kiɗa. Daga baya suka haɗa gwiwa da NetEase, wani babban kamfanin intanet na China da dama yake da tasa manhajar waƙa a can, suka kafa Transsnet wanda ke riƙe dashi. Dabarar mai sauƙi ce, sama da kashi 40 cikin 100 na wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasu ne, to sai suka riƙa saka shi a ciki tun daga kamfani, kana yage ledar waya yana nan yana jiranka. Mutane da yawa a nan basu taɓa zaɓar Boomplay ba, tarar dashi suka yi, kamar yadda ka tarar da kalkuleta.

Kuma gaskiya sun san mu. Mutanen da suka gane cewa muna son waya mai layi biyu da batir mai daɗewa da kyamarar da ke fito da baƙar fata, sun kuma gane cewa ba kowa ke da kuɗin wata a dunƙule ba, shi yasa suka yi biyan kwana ɗaya da na sati da na wata, kuma kana iya biya da katin waya ba sai da katin banki ba. Wannan ba ƙaramin abu bane, musamman lokacin da bankuna suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira wajen 2022, mutane da yawa suka rasa yadda zasu sabunta abubuwan da suke biya a waje. Sannan yana kunna waƙoƙin da dama suke cikin memorinka, dan haka wanda ya saba da masu turawa baya jin ya bar gida. Sun faro da waƙoƙin Afirka, sai a ƙarshen 2018 suka ƙulla da Universal, 2019 Warner da Sony, a shekarar kuma suka samu jarin dala miliyan 20. Wato lokacin da Spotify ya iso 2021 ya tarar da su sun shekara shida a ƙasa.

Sai dai akwai abun da ya kamata ka sani kafin ka biya na dogon lokaci. A Disamban 2024 kafofin labaran harkar waƙa suka ruwaito cewa Sony ya janye waƙoƙinsa daga Boomplay, tare da na kamfanonin rarrabawa (masu kai waƙar mawaƙa cikin manhajoji) da ke ƙarƙashinsa, kan batun jinkirin biyan haƙƙin mawaƙa. Irin wannan ba Boomplay kaɗai ya taɓa samu ba, Taylor Swift ta kwashe nata daga Spotify a 2014 kan cewa ana ba da waƙa kyauta, bata dawo ba sai 2017. Abun da yake nuna maka shi ne a duk manhajojin nan haya kake ba saya ba, waƙar da ka kwana da ita yau gobe kana iya tashi ka ganta ta dushe bata dannuwa. To kafin ka biya ka rubuta sunan mawaƙa biyar da ka fi ji ka bincika ko suna nan. Na kyautan Boomplay kuma akwai talla sosai, kuma manhajar cike take da wasu abubuwan, labarai ne, wasanni ne, wani yana son haka wani kuma yana ganin hayaniya ce. Ni ina cikin na biyun.

Audiomack kuma ɗan New York ne, 2012, Dave Macli da David Ponte da abokansu suka kafa. Nasu matsalar ita ce ta yaran hip hop masu tasowa da ke sakin waƙa kyauta dan a sansu, suna neman inda zasu ɗora ba tare da an ce su biya ko an ƙayyade musu ba. Shi yasa har yau ƙofarsa a buɗe take, ka buɗe akawun, ka ɗora waƙarka daga situdiyo kai tsaye, ba ɗan tsakiya ba ko sisi. Ba dan mu aka yi shi ba amma sai ya zo ya dace damu kamar an gwada, saboda abu ɗaya: kana sauke waƙa kyauta ka ji ba data. Ba duka ba, akwai waɗanda aka kulle sai mai biya, amma da yawa suna sauka. Matasan Najeriya da Ghana suka rungume shi tun kamfanin bai ankara ba, da suka ga inda jama'arsu take sai suka buɗe ofis a Legas a 2020, 2021 kuma suka yi haɗin gwiwa da MTN kan data ta musamman ta jin waƙa a manhajar. A ƙarshen shekarar suka kawo Supporters, inda masoyi zai tura wa mawaƙi kuɗi kan wata waƙa a saka sunansa a jiki, wato liƙi dai irin na gidan biki amma ta waya.

Buɗaɗɗiyar ƙofa kuma kowa ke shigowa. Zaka nemi waƙa ɗaya ka ga kwafi huɗu, ɗaya na mai ita, uku na wasu da suka ɗora da sunansu, wata an ƙara mata gudu wata an liƙa sunan DJ a tsakiya, wata sautin kamar daga rediyon mota aka ɗauka. Ka riƙa duba alamar tantancewa a jikin sunan mawaƙin, dan in ka ji ta wajen ɗan kwafi mai waƙar bai samu komai ba. Kuma in tsofaffin waƙoƙin Turawa ko na Indiya ko na Larabawa kake nema cikakku album bayan album, nan ba wajensu bane, Spotify ya fishi nesa ba kusa ba.

Nasan wani zai ce ina Apple Music da YouTube. Apple Music an buɗe shi 30 ga Yunin 2015 bayan Apple ya sayi kamfanin Beats kan dala biliyan 3 a 2014, yana Najeriya tun farko, sautinsa mai kyau ne sosai tunda a 2021 suka saka lossless, wato sautin da ba'a rage masa inganci ba, ba ƙarin kuɗi, kuma akwai shi a Android ma, mutane da yawa basu san haka ba. Amma bashi da na kyauta sam sai ɗan gwaji, dan haka in ba mai biya bane kai babu maganarsa. YouTube kuwa dole na tsaya a kansa kaɗan, domin in gaskiya za'a faɗa nan ne babbar kasuwar waƙar Hausa. Mawaƙanmu da bidiyo suke fitowa, waƙoƙin fim nan suke, faifan biki da na sarauta da na siyasa nan suke, kuma tsofaffin kaset na su Shata da Ɗanƙwairo da mutane suka juya suka ɗora nan zaka fi samunsu da yawa. YouTube Music ya shigo Najeriya a 2020, amfaninsa shi ne yana haɗa maka waƙoƙin kamfani da waɗancan da jama'a suka ɗora waje ɗaya. Matsalar a na kyauta kana kashe fuskar waya waƙa ta tsaya, ga bidiyo na shan data da caji.

To yanzu bari mu ajiye su gefe da gefe kan abun da ya dami mai waya a nan, na farko data, tunda tun da aka amince wa kamfanonin layi ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025 kowa ya koma lissafi. Lissafin ba wuya. A Spotify matakin Normal kilobit 96 ne a sakan, awa ɗaya kenan wajen megabait 43. High 160 ne, wajen megabait 72 a awa. Very High na masu biya 320 ne, wajen megabait 144. Akwai Low mai 24 da baya kai megabait 11 a awa amma sautin sai haƙuri. Ɗauki mai shago ko tela da ke kunna waƙa awa biyar a rana a Normal, ya sha megabait 215 kullum, a wata ya haura gigabait 6. Kaga kuɗin datar ya ninka kuɗin Premium ɗin da yake gudu. Wannan lissafin haka yake a kowace manhaja, ba Spotify kaɗai ba, in dai kai tsaye kake ji. Shi yasa ni a wajena tambayar farko ba wanne yafi waƙa bane, wanne zai barni na sauke sau ɗaya na yi ta ji. A kyauta Audiomack ne gaba, Boomplay na bin sa, Spotify babu. In zaka biya kuma duka ukun suna yi, sai ka sauke da datar dare ko inda ka samu wifi. Kuma dan Allah in iyafis ɗin dubu ɗaya da ɗari biyar kake sawa ko ƙaramar sifika ta Bluetooth kar ka wahalar da kanka da Very High, kunnenka ba zai ji bambancin ba, datarka ce kawai zata ji.

Wani abu da ke ruɗa mutane, saukewa a cikin manhaja ba irin dawunlodin ɗin da ka sani bane. Waƙar a kulle take a ciki, ba zaka ganta a fayil ka tura wa abokinka ta Xender ba, ba zaka zare memori ka saka a rediyon mota ko MP ɗin shago ba, kuma ranar da ka goge manhajar ta tafi da kayanta. Direban da motarsa memori ko filash kawai take karɓa, wannan gaskiya masu turawa basu gama masa amfani ba, ko ya duba irin su Mdundo na Kenya da ke ba da mp3 na halak da ɗan talla a farkon waƙar.

Na biyu waƙoƙin Hausa. Manyan mawaƙan zamani da ke da masu kula musu da harka yanzu kusan ko'ina zaka same su, har Spotify da Apple. Bambancin yana wajen na ƙasa da su da kuma na da. Spotify baya karɓar waƙa kai tsaye daga hannun mawaƙi, sun gwada a 2018 suka rufe a 2019, dole sai ta hannun kamfanin rarrabawa irin DistroKid ko TuneCore ko CD Baby, mafi yawansu kuma da dala ake biyansu ko su yanki kaso. Yaron da ya yi waƙa a situdiyon unguwa a Kano ko Jos ko Maraɗi ba lallai ya bi wannan layin ba, Audiomack da YouTube da TikTok zai ɗora a daren. Dan haka sabuwar waƙar da ta tashi a gari wannan satin, da masu bege da ƙasidu da waƙoƙin islamiyya, ka fara nemansu can. Ga kuma matsalar rubuta suna, wani ya rubuta da ƙ wani da k wani da q, wani ya haɗe wani ya raba, in baka samu ba a karon farko ka canza rubutun kafin ka ce babu. Injin Spotify mai karantar kunne ma yana aiki ne da yawan masu ji, inda masu jin waƙar Hausa suka yi kaɗan sai ka ga bayan waƙa uku ya jefa ka Legas.

Na uku gida. In ku da yawa ne, Spotify na da Family na mutum shida da ke zaune gida ɗaya, da Duo na mutum biyu, da rangwamen ɗalibai, in aka raba kuɗin abun da kowa zai bayar sai ya ragu sosai. Kowa da akawun ɗinsa, wannan yafi ku taru a akawun ɗaya, dan in kuka taru ana kunnawa a waya ɗaya ta ɗayan zata tsaya, kuma injin zai rikice ya haɗa maka karatun da Hajiya ke ji da asuba da kiɗan da autanku ke ji da rana.

In kuma kai mawaƙi ne to maganar ta canza, ba zaɓar ɗaya zaka yi ba. Amma ka fahimci yadda kuɗin ke tafiya dan kar a yaudare ka da cewa duk ji ɗaya naira kaza ne. Spotify na tara abun da ya samu a kowace ƙasa daga masu biya da talla, wajen kashi biyu cikin uku ya tafi ga masu haƙƙin waƙa, a raba gwargwadon kason da kowa ya samu a cikin jimillar saurare. Tunda kuɗin wata a Najeriya bai kai ko kusa da na Amurka ko Ingila ba, ji dubu daga Kaduna ba zai kawo abun da ji dubu daga Landan zai kawo ba, shi yasa 'yan uwanmu mazauna waje suke da muhimmanci ga mawaƙi fiye da yadda yake zato. Kuma daga 2024 waƙar da bata kai ji 1,000 cikin wata 12 ba bata shiga rabon. Kamfanin ya ce mawaƙan Najeriya sun samu sama da naira biliyan 58 a wajensa a 2024, kuɗi ne masu yawa, amma kowa ya san mafi tsokar tana wajen manyan Afrobeats da ake ji a duniya. Kuɗin ma ba hannunka yake fara zuwa ba, wajen wanda ya ɗora yake zuwa, dan haka in wani yace kawo na saka maka a Spotify ka tabbata da sunanka da imel ɗinka aka buɗe akawun ɗin rarrabawar, an sha yin rigima kan wannan. Masu cewa kawo kuɗi mu ƙara maka ji kuma ka guje su, in aka gano na bogi ne sauke waƙar ake yi. Shawarata ga mai farawa, Audiomack da YouTube tukuna tunda kyauta ne kuma nan jama'arka suke, in waƙa ta fara motsi sai ka nemi mai rarrabawa ya kai ta sauran.

To wa zai ɗauki wanne. In ba zaka biya ko sisi ba, kuma waƙoƙin gida da na Najeriya ne abincinka, saka Audiomack ka sauke abunka, YouTube ya cike maka na da. In wayarka Tecno ce ko Infinix ko itel, kuɗi kuma yau akwai gobe babu, ko baka son haɗa katin bankinka da komai, Boomplay ɗin da ke ciki ya isheka, ka sayi na kwana ko na sati ranar da zaka yi tafiya ka sauke, amma ka fara bincika mawaƙanka suna nan. In kana da abun biya duk wata ba tare da ka ji a jikinka ba, kana jin waƙoƙin ƙasashe daban-daban kuma kana son a riƙa kawo maka sabo, Spotify Premium, nan kam babu na biyunsa a cikin ukun. Wanda bana ba kowa shawara shi ne Spotify na kyauta a kan datar waya, ka sha talla ka sha data kuma baka da ko waƙa ɗaya ranar da netwok ya ɗauke. Mai iPhone da ya riga ya saba da Apple Music ya zauna inda yake, bambancinsa da Spotify bai kai ya sake haɗa jerin waƙoƙinsa daga farko ba.

Shi ƙanin abokin nawa Infinix ce a hannunsa, ɗalibi ne, kuma da na tambaye shi mawaƙa biyar da yafi ji huɗu 'yan Kano ne ɗaya ɗan Legas. Na ce ya bar Boomplay ɗin inda yake dan kunna abun da ke memorinsa, ya ƙara Audiomack, ya shiga saitin ya kashe saukewa da datar waya sai ya samu wifi a makaranta, maganar Spotify kuma ya bari sai yayan nasa ya yarda sun buɗe Family.